Rabin Ƙwayar Da Na Ƙara Mata

Ɗiyata tana da shekara takwas lokacin da aka ɗora ta a kan maganin. Ita ce ta fari, don haka ba na kiran sunanta ko a gida, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran nawa ba. A Jega muke zaune, ina koyarwa a wata firamare, mahaifinta kuma yana noman albasa a Aliero. Idan aiki ya kankama can yake kwana, sai yammacin Alhamis mu gan shi, ya koma Asabar da safe.

Tun tana rarrafe ba ta san zama ba. Ana ce mata mai ƙiriniya, ana ce mata mai rawar kai, ana ce mani in yi haƙuri za ta bari idan ta girma. Ba ta bari ba. A aji ba ta kai ƙarshen layi ɗaya na rubutu sai ta miƙe, ta taɓa wannan, ta ɗauki fensirin wancan, ta leƙa taga. Ba muguwa ba ce, ba kuma daƙiƙiya ba. Idan ka ba ta labari sau ɗaya za ta maimaita maka shi har da muryar da ka yi. Ta taɓa faɗowa daga katangar maƙwabta ta karye a hannu, muka kai ta wajen masu ɗori a Aliero, tun ba a kwance karan ba ta sake hawa katangar. Amma abin da ya kai mu asibiti shi ne ranar da ta fizge daga hannuna a bakin babban titi don ta hango wata ƙawarta a tsallake. Direban tirela ya taka birki har ƙaurin taya ya cika wurin. Bai zage ni ba. Kallona kawai ya yi ta gilashi, ya girgiza kai, ya wuce.

Sau uku muka je Sakkwato kafin likitar yara ta faɗi abin da ta gani. Ta yi mana tambayoyi masu yawa, ta ba mu takarda muka kai wa malamar ajinsu ta cike, ta auna tsawon yarinyar da nauyinta, ta saurari ƙirjinta. A zuwa na uku ta ce sunan abin da Turanci ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi, kuma ba laifin tarbiyya ba ne. Ta ce akwai magani, wata ƙaramar farar ƙwaya da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta tsaya a kan abu ɗaya.

Da jin kalmar ƙwaya sai maigidana ya gyara zama.

"Likita, ba irin wadda ke lalata samari a tasha ba ce?"

Ta yi masa bayani a natse, ta ce magani ne da ake tsare shi sosai, ba a ba da shi sai da takardar likita, kuma komai yana ga yadda aka bi ƙa'ida. Sannan ta juyo gare ni, don ni zan riƙa bayarwa. Ƙwaya ɗaya, da safe, bayan ta ci ta ƙoshi. Ta ce mai yiwuwa ta rage cin abinci, ko ta yi ciwon ciki, ko barci ya yi mata wuya, ko ta yi fushi idan maganin ya sake ta. Ta rubuta mani lambar sashensu a bayan kati.

"Kada ki ƙara, kada ki rage. Duk abin da kika gani, ki kira. Ku dawo bayan mako shida."

A mota maigidana ya ce ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: kada Inna ta ji. Inna ita ce mahaifiyarsa, tana Karaye a ƙasar Maiyama, kuma duk cikin jikokinta babu wadda take so kamar wannan. Ƙawata take ce mata. Na ce masa to.

Makon farko na ga abin da ban taɓa gani ba. Na leƙa ajinsu lokacin da ba ni da darasi, na tarar da ita a zaune, kanta a duƙe, tana rubutu. Na tsaya a bakin taga har ta cika shafi. Malamarsu ta hango ni, ta ɗaga mani gira, ni kuma na koma ofis na zauna. Shekara uku ina shan kunya a makarantar da nake koyarwa, ana kawo mani ƙarar ɗiyata a gaban abokan aikina. Ranar nan babu wanda ya kawo.

Abinci ne ya fara nuna mani akwai wani abu. Kwanon da nake zuba mata na makaranta ya riƙa dawowa yadda ya tafi. Na canza shinkafa zuwa ɗanwake, na canza ɗanwake zuwa masa da miya, wadda a da har faɗa take yi da ƙaninta a kanta. Za ta buɗe, ta kalla, ta rufe. Idan na matsa mata sai ta ce cikinta a cike yake, ko ta ce abincin ba shi da ɗanɗano. Da dare kuwa tana ci, har ta nemi ƙari, wannan ya sa na kwantar da hankalina.

Abin da ya fi damuna shi ne la'asar. Daidai lokacin da za su tafi Islamiyya maganin yake sakinta, kuma ba a hankali yake sakinta ba. Yarinyar da ta yini shiru sai ta fashe da kuka don an taɓa mata takalmi. Ta ture ƙaninta, ta yi jifa da allo, ta kwanta a ƙasa tana shure-shure. A haka nake sa mata hijabi in tura ta. Ba a yi mako biyu ba malamin Islamiyyar ya aiko a kira ni. Dattijo ne mai haƙuri, ya koyar da rabin unguwarmu. Ya ce mani ana shirin walimar waɗanda suka haddace izifi biyu, sa'o'inta duk suna ciki, amma ita ko zama ba ta yi, kuma kwanan nan abin ya fi na da.

"Malama, an ce a boko ta natsu. Mi ya hana ta natsu a nan?"

Ban gaya masa zancen magani ba. Amma tambayar ta bi ni har gida. Na ji kamar na zaɓa mata boko na bar Alƙur'ani.

Katin likita yana cikin jakata, lambar tana bayansa. Na ɗauko shi sau biyu na mayar. Ina tsoron idan na kira na ce ba ta cin abincin rana za a ce a dakatar da maganin, mu koma gidan jiya. Washegari bayan azahar na ɗauki reza na raba ƙwaya ɗaya biyu a kan murfin kwano. Na ce wa kaina rabi ne kawai, kuma har zuwa walima ne kawai. Na miƙa mata da ruwa. Ta dube ni ta ce, "Mama, ai na sha da sahe." Na ce likita ce ta ce. Wannan ita ce ƙaryar farko, kuma ita na fara yi wa.

Ya yi aiki. Malamin ya aiko da yabo. Ta riƙa dawowa daga Islamiyya tana maimaita ayoyi a hankali, ta zauna a gefen tabarma ba ta taɓa kowa ba. Sai dai abincin daren ma ya tafi. Tuwo loma uku, ta ce ta ƙoshi. Barcinta ya ja baya, da safe sai na yi ta tashinta, ta tashi da idanu a kumbure ba ta son ko kunu, ni kuma ina saurin makaranta, sai in ba ta ƙwayar a kan kurɓi biyu na shayi. Siket ɗinta na makaranta ya fara zamewa, na kama shi da fil. Bayan kwana goma na ƙara matsar da fil ɗin.

Sai ƙifta ido ya zo. Za ta runtse idanu da ƙarfi sau uku ko huɗu a jere, ta buɗe, jim kaɗan ta sake. Na ce ta bari, ta ce ba ita ke yi ba. Wata Alhamis mahaifinta ya dawo, ta kawo masa ruwa, ya riƙe hannunta ya daɗe yana dubawa. Yatsunsa biyu sun zagaye damtsenta har da saura.

"Yarinyar ga ta rame."

Na ce zafi ne, duk yara sun rage ci. Ya tambaye ni ko ina ba ta maganin yadda aka ce, na ce ina ba ta. Ya saki hannunta ya sha ruwan. Ni kuwa na riga na san ƙwayoyin ba za su kai ranar komawa asibiti ba, kuma ban san abin da zan ce ba idan sun ƙare.

Saura kwana goma mu koma Sakkwato aka yi sunan jaririn da ƙanwar maigidana ta haifa a Karaye. Muka yi sammako daga Jega. Na haɗa mata shayi da burodi ta ƙi, na ba ta ƙwayar haka nan, don na san gidan zai cika da dangin miji, kuma ban manta bikin bara ba, da ta kifar da tukunyar miya a gaban baƙi aka yi ta kallona. Zafin ranar ya yi tsanani. Da azahar ta yi, na ga ta fara lilo da ƙafa tana waige-waige, sai na ja ta bayan ɗaki na ba ta rabin. Ko makaranta babu a ranar. Don kaina na ba ta.

Inna tana zaune a ƙarƙashin rumfa ana ta gaishe ta, amma idonta yana kan jikarta tun da muka shigo. Ta saba idan mun zo yarinyar ta faɗa jikinta da gudu, ta kwance mata ɗankwali, su yi ta tsokanar juna. Ranar nan ta durƙusa ta gaishe ta kamar baƙuwa, ta koma jikin bango ta zauna tana ƙifta ido.

"Ƙawata, zo nan. Hushi muke yi?"

Ta zo. Inna ta dama mata fura da nono da hannunta, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Aka kawo naman suna, Inna ta zaɓo mata hanta, ta girgiza kai. Inna ta shafa wuyanta, ta shafa kafaɗarta inda ƙashi ya fito, sannan ta ɗago ta dube ni. Na yi kamar ina gyara goyon ƙanwar maigidana.

Ban ga lokacin da ta miƙe ba. Muryarta na ji a bayana, siririya.

"Mama, ƙirjina yana gudu."

Kafin in juya ta sulale. Ba faɗuwa mai ƙara ba ce, gwiwoyinta ne suka lanƙwashe, ta kwanta a kan tabarmar da aka jera kwanoni. Mata suka yo kanta. Wata ta yayyafa mata ruwa, wata tana fifita da murfin kwano, wata tsohuwa ta ce tun ɗazu take lura da idon nan, wannan iska ce, a kira malam. Inna ta ture su duka, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjin yarinyar. Na ga fuskarta ta canza. Ni ma na sa hannu. Zuciyar tana bugawa da sauri kamar ta ɗan tsuntsun da aka kama.

Ba ta daɗe ba ta buɗe ido, ta ce tana jin jiri. Inna ta sa aka ɗauke ta zuwa ɗakinta, ta ce kowa ya fita ban da ni, a kuma kira ɗanta daga zaure. Ta sakaya ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ke kika haihe ta, amma ni ma na san jikinta. Wagga ba iska ba ce, kuma ba zazzaɓi ba ne. Hwaɗa mani mi kuke ba ta."

Na dubi maigidana, ya sunkuyar da kai. Na buɗe jaka na fito da kwalin na miƙa mata. Ta juya shi, ba ta iya karanta rubutun ba, sai ta miƙa wa ɗanta. Ya fara yi mata bayanin asibiti da likita, yana magana yana zaro katin ƙwayoyin daga kwalin. Sai ya tsaya yana duban katin. Ya san ranar da za mu koma, ya san ya kamata a ce saura goma. Babu ko ɗaya cikakkiya. Rabi ne kawai, naɗe a ƙyallen takarda.

"Ina sauran?"

Na gaya musu. Na faɗi zancen Islamiyya, da reza, da rabin da nake ƙarawa kullum bayan azahar kusan mako uku, da na yau da na ba ta a bayan ɗaki ba ta ci komai ba tun jiya. Ina magana ina jin muryata kamar ta wata. Yarinyar tana kwance a kan gadon Inna, idonta biyu, tana jin komai, har da cewa likita ba ta ce ba.

Maigidana ya miƙe. Ya ɗauki yarinyar a kafaɗa ya fita neman mota. Inna ta karɓi rabin ƙwayar ta ƙulle a bakin zanenta.

A asibitin Maiyama wani ma'aikacin lafiya ya auna bugun zuciyarta da hawan jininta, ya ɗebi jini a yatsa ya duba zazzaɓin cizon sauro, bai samu ba. Ya ce sukarin jikinta ya yi ƙasa, ga rashin ruwa, ga zafi. Ya sa aka ba ta ruwan gishiri da sukari tana kurɓa a hankali, ya ajiye mu har bugun ya lafa. Na ba shi katin, ya kira lambar da ni na kasa kira. Aka ce kada a sake ba ta komai, a kawo ta jibi da safe, idan kuma ta sake suma ko ta yi kukan ciwon ƙirji a taho nan take.

Inna ta ce yarinyar a wurinta za ta kwana. Ba tambaya ta yi ba, kuma ba ni da bakin musawa. Ta ƙara da cewa jibi da ita za a tafi, tana son ta ga likitar da idonta. Na koma Jega da ƙaramin, maigidana yana gaban mota ina baya, har muka isa gida bai waiwayo ba. Kwana biyun nan ban san abin da nake yi ba. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in ruga in ɗauka. Na yi ta tunanin Inna za ta ce a bar mata yarinyar gaba ɗaya, kuma na san idan ta faɗa babu wanda zai goyi bayana.

Ranar tafiya maigidana ya je Karaye ya ɗauko Inna da yarinyar, suka biyo ta Jega suka ɗauke ni. Kwana biyu babu magani, ɗiyata ta dawo yadda take a da. Ta ci tuwon Inna har ta suɗe kwano, in ji Inna, tana faɗa tana kallon titi ba ni ba. A cikin mota ta hau gwiwar wannan ta sauka ta hau ta wancan, ta murɗa gilashi sama da ƙasa, ta yi wa direba tambaya ashirin ba ta jira amsar ko ɗaya ba. Inna tana dariya tana cewa ga ƙawarta ta dawo.

A Aliero muka tsaya maigidana zai ba wani saƙo game da ban ruwan gonarsa. Motocin albasa sun jeru a gefen titi ana lodi. Ban ankara ba yarinyar ta buɗe ƙofar ɓangaren titi, ta hango mai rake a tsallake. Ƙafarta ɗaya ta riga ta taka kwalta lokacin da Inna ta cafko hijabinta ta baya ta fizgo ta ciki. Wata mota ta wuce da gudu har ƙofar ta girgiza. Inna ta rufe ƙofar da kanta, ta riƙe hannun yarinyar a cinyarta. Numfashinta yana fita da ƙarfi. Daga nan har Sakkwato ba ta sake dariya ba, ba ta kuma saki hannun ba.

Likitar ta ɗora yarinyar a sikeli, ta duba abin da ta rubuta a zuwan baya. Ta ce nauyin ya ragu fiye da yadda za a kau da kai. Ta aika mu aka manna mata wayoyi a ƙirji aka ɗauki hoton bugun zuciya. Muka zauna a benci muna jiran sakamako, mu uku, yarinyar tana zagaye mu. Da aka kira mu ta ce zuciyar lafiya lau take. Maigidana ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi. Sannan ta tambayi yadda ake ba da maganin, sai na sake faɗin komai, karo na biyu, a gaban mutum huɗu.

Ba ta yi mani tsawa ba, amma ba ta sassauta ba.

"Malama, kukan la'asar da kika gani abu ne da muka sani, kuma akwai yadda muke yi da shi. Da kin kira, da mun gyara tun a makon. Abin da kika yi ya hana ta ci, ya hana ta barci, sannan kika ba ta a kan yunwa cikin zafi. Allah ya tsare."

Na ce na sani. Ta juya ga yarinyar, ta sa ta zauna a kujerar da ke kusa da ita, ta tambaye ta yadda take ji idan ta sha. Ni ban taɓa yi mata wannan tambayar ba. Ta yi lilo da ƙafa, ta dubi silin, sannan ta ce:

"Idan na sha, kaina yana yin shiru, ina jin abin da malama ke cewa. Amma cikina yana ruhewa. Idan na sha na biyun kuma ba na jin dariya."

Inna ta gyara mayafinta. Ita ce ta yi magana bayan haka.

"Likita, ni ban yi boko ba. Abu guda nika son in sani. Wanga magani zai mai da ta 'yar ƙwaya?"

Likitar ta ce idan ana ba da shi daidai, ana kuma dubawa, ba ta tsoron haka. Ta ce ba dole ba ne a ci gaba, idan mun ce a bari za a bari, a nemi wasu hanyoyin taimaka mata a gida da makaranta, waɗanda ko da magani ma sai an yi su. Ta ce mu uku ne za mu yanke. Na ɗauka Inna za ta ce a bari. Ta daɗe tana kallon jikarta, wadda a lokacin ta sauka daga kujera tana ƙoƙarin buɗe durowar likita.

"A rage shi," in ji Inna. "Kuma sai ta yi ƙiba tukuna."

Kusan haka aka yi. Likitar ta ce a huta mako biyu ana ciyar da ita. Bayan nan a koma da abin da bai kai na farko ba, da safe kawai, ranakun makaranta kawai, kuma idan ba ta ci ta ƙoshi ba kada a ba ta ranar. Ta ce kada in yi faɗa da ita a kan abincin rana, in ba ta abu kaɗan mai maiƙo da za ta iya, gyaɗa ko dabino ko dafaffen ƙwai, in mai da ƙarfina ga safe da yamma. Idan ta dawo daga makaranta a ba ta abinci, a bar ta ta yi gudunta, kada a ɗora mata karatu a lokacin da maganin ke sakinta. A riƙa auna nauyinta duk mako biyu ana rubutawa. Ƙifta idon kuma a daina yi mata magana a kai, a zuba ido a gani.

Na je na sami malamin Islamiyya na gaya masa gaskiya. Ya saurara har na gama, ya ce da na faɗa masa tun farko da ya san yadda zai yi. Ya mai da ita rukunin safiyar Asabar da Lahadi, yana ba ta aya uku ta tashi ta zagaya ta dawo. Ba ta shiga walimar shekarar ba. Ranar da aka yi, muna jin lasifika daga gida, ta tambaye ni ko an yi rabon alawa, na ce an yi, ta ci gaba da wasanta.

Maigidana ya karɓi ajiyar maganin. Duk Asabar kafin ya koma Aliero sai ya ƙirga guda biyar ya naɗe a takarda ya ajiye mani a kan firji, ya tafi da sauran. Bai taɓa cewa don me ba, ni ma ban tambaya ba. Ya yi wata bakwai yana haka. Duk Asabar ɗin abin yana damuna, amma ban ga laifinsa ba. Wata rana ya bar kwalin gaba ɗaya ya fita, ban sani ba ko mantawa ya yi, bai dai sake ɗauka ba.

Safiyarmu ta canza. Ina tashi in dama kunun gyaɗa mai kauri, in soya ƙwai ko ƙosai, in zauna a gabanta har ta cinye kafin in ɓallo ƙwayar. Akwai ranakun da takan ƙi, in mayar da ƙwayar cikin takarda, in tura ta makaranta haka nan ina sane da cewa za a kawo mani ƙara. Ana kawowa. Na koyi in ce to, na ji. Inna tana aiko da ƙuli-ƙuli da man shanu daga Karaye duk wanda ta samu mai zuwa Jega, kuma har yau idan muka je sai ta kama damtsen yarinyar ta matsa kafin ta amsa gaisuwata. Ba ta taɓa cewa ta yarda da maganin ba. Nauyin ya dawo a hankali, ya ɗauki kusan wata huɗu. Ƙifta idon ya ragu har muka manta da shi, sai dai yakan leƙo lokacin jarrabawa ya sake tafiya. Kukan la'asar bai ɓace ba, ya dai yi sauƙi.

Abu ɗaya ya daɗe yana damuna, shi ne ƙaryar da na yi mata. A wurinmu uwa ba ta cika zama da ɗiyar fari su yi irin wannan magana ba, na yi ta ɗagawa. Sai bayan shekara guda, wata ranar Juma'a ina yi mata kitso, kanta yana tsakanin gwiwoyina ba ta ganin fuskata, na ce mata rabin nan da na riƙa ba ta ba likita ce ta ce ba, ni ce, kuma ban kyauta ba, ta yafe mani.

Ta tsaya cak, abin da ba ta saba ba.

"Na ji ranar a ɗakin Inna," ta ce. "Na yahe. Mama, saura layi nawa? Ƙafata ta gaji."

Na ce saura biyu. Ba ta jira su ba, ta zame ta fita tsakar gida da rabin kai a tsefe, sai bayan magariba na samu na ƙarasa.